Facebook Gidan Haya Ne

Jama'a, ina da ƙorafi a kan gidajen rediyonmu da 'yan kasuwarmu. Ka tambayi mutum ina shafinsa na intanet, sai ya ce maka ai yana Facebook. To, Facebook gidan haya ne, kuma ana iya garƙame ƙofa ba tare da an yi maka sallama ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa 6. A Chadi, gwamnati ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 har Yulin 2019. A Najeriya ma an dakatar da Twitter wata 7. Wanda duk shirye-shiryensa ke can, me ya rage masa?

Wasu za su ce gina shafi da tsada. Ni kuwa waɗanda suka gina suka yi watsi da shi sun fi ba ni haushi. Adireshin shafi, na .ne ne ko .ng, duk shekara ake biyan kuɗinsa. Ka yi sakaci, wani ya saye. Ka yi rajistarsa da sunanka, kada ka bar wa yaron da ya gina maka. Ka riƙa sabunta WordPress, ka ajiye kwafin komai a wani wurin daban. Ka rage nauyin hotuna da sauti, domin mai sauraronka na ƙauye da ƙaramar waya yake buɗewa, da datar kwana ɗaya.

Yi tallarka a Facebook, babu laifi. Amma ka tuna, kayan aro ba ya rufe katara.