MU TAMBAYI TSOFAFFINMU TUN SUNA DA RAI

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga 'yan uwana manoma da 'yan kasuwa na Jega da Aliero da Maiyama.

Kakana na wajen uba, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2019 yana da shekara kusan 90. Kullum bayan sallar isha'i sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ce mini, "Kai wanga yaro, zamna ka ji." Ni kuwa hankalina yana kan kuɗin albasa. A bakinsa na ji cewa kakanninmu mutanen Gimbana ne, jama'ar Malam Abdussalami, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa Jega bayan yaƙin Kware na 1818. Ya ce kakansa da jakuna yake zuwa Gwanja sayen goro, ya yi watanni bai dawo gida ba. Shi da kansa ya ga canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira a 1973, ya ga na 1984, ya ga an cire mana Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991. Duk wannan na riƙe shi domin yana da daɗin ji.

Abin da ban riƙe ba shi ne maganar fadamarmu. Ya sha faɗa mini cewa a farin 1973, da yunwa ta matsa, ya ba wani maƙwabci ɓangare guda jingina a kan buhunan gero. Buhu nawa ne, su wa suka shaida, an fanshe ko ba a fanshe ba, wallahi ban tambaya ba. Da ya rasu muka zo rabon gado, sai jikokin maƙwabcin suka ce kakansu saye ya yi. Shaidu duk sun riga mu gidan gaskiya, takarda babu. Shekara biyu muna zarya gaban alƙali, fadama tana kwance ba a dasa ko albasa ɗaya ba. Kuɗin mota da na shari'a sun cinye mini jarin tireda. Abin da ya fi ciwo, gidajen nan biyu akwai auratayya tsakaninsu, yau ko gaisuwar kirki ba a yi.

Na san wasu za su ce tonon zancen da shi ke kawo fitina, a bar kaza cikin gashinta. To ni dai na gani da idona, shirun ne ya kawo mana fitina. Da an tara gidajen biyu tsohon yana raye, magana ɗaya zai yi a wuce wurin.

Saboda haka jama'a, duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya zauna da su tun yau. A tambaye su iyakar gona, da jingina, da aro, da bashi, da kuma dangin da suka yi nisa. Kada a raina tsofaffin mata, sau da yawa sun fi maza riƙe zumunta. Mai boko ya rubuta da boko, mai ajami ya rubuta da ajami, ga kuma waya a aljihun kowa, a ɗauki muryarsu. Maganar gona kuwa a kai ta gaban mai unguwa da dagaci, shaidu su sa hannu. Ina kuma roƙon limamanmu su riƙa tunatar da mutane wannan a huɗuba, tunda Alƙur'ani ma ya umarce mu da rubuta bashi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu gane. 

Wani manomin albasa,
Aliero, Jihar Kebbi.