Jiƙon Ɗaci: Na Tukunya Da Na Kwalba



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ɗacin maɗaci. In abinci ya zauna wa mutum, ko kumburin ciki ya dame shi, ko ya rasa marmarin tuwo, tsofaffinmu su kan saro ɓawo su jiƙa, su ba shi ya kurɓa. Hikimar abin kuwa a fili ta ke: ɗaci in ya taɓa harshe ya kan tsinko yawu, ya motsa ruwan da tumbi ke narka abinci da shi. Don haka a ke sha gabanin cin abinci, wanda kuwa ya danne ɗacin da sukari ya yi aikin banza.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne kwalaben nan da suka cika kantuna da tashoshin mota, waɗanda a ke kira bitas. Lalle ya kamata jama'a su san asalinsu. Mashahurinsu a duniya, Angostura, wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert ya haɗa shi a ƙasar Benezuwela cikin 1824, don ciwon cikin sojoji. Cikin barasa ya jiƙa itatuwansa, ba cikin ruwa ba, domin barasa ta fi tatso ɗaci, kuma ta kan hana ruɓewa. Ƙarfin barasar da ke cikinsa ya kai kashi 44.7 cikin 100, watau ya ɗara na wuski da yawa. Da yawa daga cikin na kasuwarmu tafarkin nan suka bi. To, mai kanti ya sari katan ya jera kusa da maganin ciwon kai, dattijo ya saya ya kurɓa ya wuce masallaci, babu wanda ya duba rubutun jikin kwalba. Kada lambar NAFDAC ta ruɗe ku. Hukumar nan, wadda aka kafa cikin 1993, ta kan yi wa giya ma rajista, ba fatawa ta ke bayarwa ba. Mai sayarwa shi ya fi cancanta ya bincika, gama shi zai ci kuɗin.

Alhali kuwa haɗin gida ba shi da wuya, kayansa na nan a Kasuwar Kurmi da kowace kasuwar ƙauye. A sami busasshen ɓawon maɗaci misalin tsawon yatsa, a kankare dattinsa, a haɗa da citta da 'yan ƙwayoyin kanumfari, a tafasa cikin ruwa mai tsabta, a tace. Rabin ƙaramin kofin shayi ya wadatar. Kwana kaɗan a ke yi a na sha, a bari. In ciwo bai saki ba, ko an ga jini, ko rama, a tafi asibiti. Mai juna biyu da yaro ƙarami da mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda, duk su nisance shi. Filasko kuma na wankin ciki ne, kada a mai da shi abin sha kullum.

Amma fa na gida ma ya na da nasa tarko. Waɗansu su kan zuba zuma ko dabino cikin tsimi, su rufe tulu su manta da shi mako guda. Zaƙi in ya kwana cikin ruwa ya kan juya, ya yi kumfa da tsami, ya koma abin da a ke gudu. Malamai sun san abin da ya zo cikin Sahihu Muslim, cewa a kan jiƙa wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zabibi, ba ya kuwa wuce maraicen rana ta uku ya na sha. Da zafin bazararmu, mu a ganinmu a dafa na yini guda shi ya fi.

Saura ku masu saro ɓawo. Ku dubi maɗatan da ke bakin hanya a Kano da Zariya, yadda aka feɗe su har iyakar inda hannu ya kai. Ta ƙarƙashin ɓawo itace ke saukar da abincinsa zuwa saiwa, wanda ya zagaye gindi da sara ya kashe shi. A ɗiba gefe guda, kaɗan, a bar wurin ya warke kafin a komo.