Gishirin da ake aunawa a kasuwar Illela da ƙwaƙwalwar jariri

A kasuwar Illela, da ke kallon Birnin Konni a tsallaken iyaka, ba wanda ke tsayawa dogon ciniki a kan gishiri. Ana zuba shi a faranti, a auna da gwangwani, a ƙulla a leda. Ga na buhu daga Legas, ga kantun balma da ke saukowa daga hamadar Nijar, ga na lasar dabbobi da kan ɓace hanya ya faɗa tukunyar miya saboda araha. Duk gishiri ne a baki. A jiki kuwa ba ɗaya ba ne, domin ba kowanne ke ɗauke da sinadarin aidin ba.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiranta tayirod. Ita ke haɗa sinadaran da ke daidaita zafin jiki, bugun zuciya, da yadda abinci ke komawa ƙarfi. Amma ba ta iya haɗa su sai da aidin, kuma jiki ba ya ƙirƙirarsa, dole sai an ci. Idan ya yi ƙaranci, ƙwaƙwalwa kan yi ta aika wa tsokar saƙon ta ƙara himma, ita kuma ta yi ta kumbura don ta tsinci ɗan abin da ke yawo cikin jini. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo, wanda har yanzu wasu ke ɗora wa jifa ko ruwan rijiya.

Maƙoƙo dai ana ganinsa. Ɓarnar da ta fi muni tana faruwa ne a cikin mahaifa. A watannin farko na ciki, ɗan tayi ya dogara kacokan da sinadaran uwarsa wajen gina ƙwaƙwalwa. Uwa ta rasa, shi ma ya rasa: ɓari, haihuwar gawa, kurunta, ko yaro lafiyayye a ido wanda zai shekara a aji ɗaya ana kiransa daƙiƙi, ana dukansa kan abin da ba laifinsa ba. Abin da ya lalace a lokacin ba ya gyaruwa daga baya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar mikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250.

Illela ta yi nisa da teku, inda aidin ya fi yawa, kuma gero da rogo, in ana fama da ƙaranci, sukan ƙara tsananta shi. Ba a ce a bar fura ba. Gishiri ne hanya mafi sauƙi, kuma tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci.

Sai dai dokar a masana'anta da tashar jiragen ruwa take da haƙora. A bakin iyaka, inda kaya ke ratsowa bisa babur da amalanke, ba ta da su sosai. Ko gishiri mai kyau ma, in ya wuni a buɗe cikin zafin Sakkwato ko ya sha danshin damina, aidin ɗinsa na raguwa.

Gwajin ba shi da tsada: ɗigo ɗaya na ruwan gwaji a kan gishiri, in ya koma shuɗi akwai aidin. Ya kamata NAFDAC da ƙaramar hukumar Illela su riƙa yinsa a tsakiyar kasuwa, gaban masu saye, tare da Sarkin Kasuwa. Masu awon ciki kuma su riƙa tambayar mata wane gishiri suke girki da shi, ba tare da sun ce a ƙara yawansa ba, don hawan jini na nan yana jira. Wanda wuyansa ya riga ya kumbura, asibiti ya kamata ya nufa, ba wurin wanzami ba, domin wani maƙoƙon ba na rashin aidin ba ne.