Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC)



Idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, motar asibiti kuwa tana can cikin cunkoso. Mu kuma da mutum ya yanke jiki ya faɗi, sai yayyafa ruwa da fifita.

Don Allah ku horar da masu amsa kiran lambar gaggawa ta 112 su riƙa tambaya da Hausa: wanda ya faɗin yana amsawa? Yana numfashi daidai? In amsar duka biyun a'a ce, su ce a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a danna da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, suna ƙirgawa ta waya har ma'aikatan lafiya su iso.

Allah ya taimake ku.