Hoton piza ba shaidar arziki ba ne

Yau da ƴan uwanmu mazauna Italiya nike, musamman masu cika mana Facebook da hoton piza.

Kwanan baya muna cikin shiri a gidan rediyo, wani matashi ya bugo waya ya ce shi kam ya gama shawara, zai bi ta Agadas. Na ce me ya ja ka? Ya ce abokinsa na Napoli, "har piza yake ci kullum". Wallahi tun ranar maganar ba ta bar raina ba. Yaro zai sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya keta Sahara, ya shiga Libiya, ya hau teku, saboda hoton abinci.

To bari in gaya muku mene ne piza. Abincin talakan Napoli ne. Kwaɓin fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, a shafa tumatir, a sa cukun mozarela da ganyen ɗoɗɗoya da ɗan man zaitun, a jefa cikin tanderun itace mai zafin da ya wuce digiri 400, minti ɗaya da rabi an fiddo. Har gobe a titunan Napoli ana naɗe ta cikin takarda, mutum ya ci a tsaye, kamar yadda muke cin ƙosai a bakin tasha. Wadda suke kira Margarita, a can kuɗinta wajen Yuro 5 ne, jika uku da ƴan kai. Wanda ya ci piza a Napoli bai fi wanda ya ci dambun kopto a Yamai ba. Kowa abincin unguwarsu ya ci.

Kar wani ya ce hassada nike. Ku ci, Allah ya sa albarka. Wanda ya zauna ƙasar mutane ya ƙi ɗanɗana abincinsu, kansa ya cuta. Ku dai tambaya kafin ku sa baki, don da yawa ana ɗora musu naman alade. Abin da nike ƙi shi ne rabin labari.

Ga sauran rabin. Tumatirin da ke kan piza, wa ke tsinkar shi? A gonakin Fojiya, kudancin Italiya, akwai dubban ƴan Afirka ta Yamma da ke wannan aiki cikin zafin watan Agusta, suna kwana a bukkokin kwano da leda. Ƴan kamasho ne ke kwasar su zuwa gona, su yanke kuɗin mota daga ladansu. An sha ba da rahoton cewa akwati mai cin kilo 300 ana biyan sa Yuro 3 zuwa 4. Ku lissafa da kanku: kilo 300 bai kai kuɗin piza guda ba. Italiya ta yi dokar hukunta waɗannan ƴan kamasho a 2016, amma a Agustan 2018 ma'aikatan gona 16 suka mutu cikin haɗarin mota biyu kusa da Fojiya, kwana biyu tsakani, suna dawowa daga tsinkar tumatir. Wannan hoton, wa ya taɓa turo mana shi?

Na san amsarku. Za ku ce ba ku son tayar da hankalin iyaye, shi ya sa kuke turo mai daɗin. Na yarda, uwa ba ta barci in ta san ɗanta na kwana cikin leda. Amma hoton ba inna kaɗai ke ganin sa ba. Ƙanenka na gani, ɗan maƙwabta na gani, kuma su ne ke ɗaure jaka.

In kuwa da gaske kuna son al'adar abincin Italiyawa, ku ɗauko abin da ya fi piza tsada: mutuncin da suke ba abincinsu. Tun 1984 masu gasa piza na Napoli suka kafa ƙungiya, suka rubuta ƙa'idar sana'arsu. A 2017 UNESCO ta sa gwanintarsu cikin gadon al'adun duniya. Abincin da masu kuɗi ke rainawa jiya, masu shi ne suka tsaya masa. Mu ko da kilishinmu da cukunmu da albasar Galmi, baƙo ya zo sai mu fara ba shi haƙuri.

Saboda haka ɗan uwa, in ka zauna cin pizarka, ka ci da daɗi. Amma in ka ɗauki hoto, ka rubuta a ƙasa nawa ka saya, nawa kake samu a wuni, ina kake kwana, kuma kana da takardu ko babu. Sannan yaro ya yi shawararsa da ido biyu.

Mazauna Italiya, in ƙarya na yi, ku fito ku ƙaryata ni. Allah ya tsare bayinsa a duk inda suke.