Alƙalami Da Jakadanci: Labarin Clare Boothe Luce

Duk lokacin da shugaban wata ƙasa ya aika wa majalisa sunayen waɗanda yake so ya naɗa jakadu, sai gardama ta tashi. Waɗansu su ce kada a ba kowa wannan aiki sai wanda ya taso a ma'aikatar harkokin waje tun yana ƙaramin akawu. Waɗansu kuwa su ce ai ɗan siyasa ko ɗan jarida ya fi sanin mutane, kuma shugaba ya fi jin maganarsa. A Amurka ma an daɗe ana wannan ja-in-ja, domin bisa al'adarsu wajen sulusin jakadunsu daga waje ake ɗauko su. Mun ga ya kyautu mu kawo wa masu karatu labarin wata mata ta can, wadda kowane ɓangare zai iya kafa hujja da ita.

Sunanta Clare Boothe Luce. An haife ta a birnin New York cikin 1903, uban kuwa ya rabu da su tun tana ƙarama. Bayan aurenta na fari ya mutu a 1929 sai ta nemi aiki a mujallar Vogue, aka sa ta rubuta 'yan kalmomin da ake sawa ƙarƙashin hotuna. Kafin shekara huɗu ta zama babbar edita a mujallar Vanity Fair. A 1935 ta auri Henry Luce, mai mujallar Time, wanda ya kafa Life a shekarar da ta biyo. Maƙiyanta sun riƙa cewa da bazar miji take rawa. Gaskiya ne auren ya buɗe mata ƙofofi, amma fa ta riga ta yi suna kafin ta shiga gidansa.

Da yaƙin Hitila ya ɓarke sai ta tafi Turai tana aiko wa Life labari. Tana birnin Burasal ranar da jiragen Jamus suka far wa Beljiyam cikin Mayu 1940. Daga baya ta je Sin da Bama da Indiya, ta gana da Chiang Kai-shek da Nehru. Abin da ya sa ake rububin karanta ta shi ne kaifin harshe. Takan ɗauki babban mutum ta kwance masa zani da jimla guda, yadda gobe kowa zai maimaita. A lura da wannan hali, gama shi ne kan zancenmu.

A 1942 mutanen jihar Connecticut suka zaɓe ta zuwa Majalisar Wakilai a jam'iyyar Rifablikan, ta zauna daga 1943 zuwa 1947. Jawabinta na farko ma ba'a ta yi wa Mataimakin Shugaban Ƙasa, Henry Wallace, da wata kalma da ta ƙaga, ta haɗa duniya da shirme. Jaridu suka yi ta yayatawa. Amma aikin da ya fi amfani ba a yi masa ganga haka ba. Ita da Emanuel Celler suka ɗauki nauyin dokar 1946 wadda ta ba Indiyawa da mutanen Filifin izinin zama 'yan ƙasar Amurka, mutum 100 daga kowace ƙasa a shekara su shigo. Adadin kaɗan ne, amma da can ƙofar a rufe take ga Indiyawa. Cikin waɗannan shekaru ne 'yarta ɗaya tilo ta rasu a haɗarin mota, a 1944, ta kuwa ƙi sake tsayawa zaɓe a 1946.

To, a 1953 Shugaba Eisenhower ya naɗa ta jakadiya a Italiya. Ba a taɓa ba mace Ba'amurkiya ofishin jakadanci mai girman wannan ba, kuma Italiyawa da yawa sun ɗauki abin raini ne a aiko musu mace. Tana isa ta ba su abin faɗi. Ana gab da zaɓen Yuni 1953 ta tashi a birnin Milan ta nuna cewa in ƙasar ta faɗa hannun masu mulkin kama-karya, taimakon Amurka zai iya tsayawa. A shafin jarida wannan magana daidai take. Daga bakin jakadiya kuwa, Italiyawa suka ji ta kamar mai ba da sadaka yana gaya musu wanda za su zaɓa. 'Yan kwaminis suka ɗauka suka yi ta yawo da ita. Jam'iyyun da ke bayan Firayim Minista De Gasperi suka kasa samun rabin ƙuri'u da ɗan ƙiris, ba da jimawa ba ya sauka. Ba mu ce jawabin ne kaɗai ya kayar da shi ba, amma bai taimake shi da komai ba.

Sai ga rigimar Trieste, wani birni mai tashar jiragen ruwa wanda Italiya da Yugoslabiya kowace ke cewa nata ne. Tun ƙarshen yaƙi aka raba yankin biyu, sojan Ingila da Amurka na riƙe da birnin, sojan Tito na riƙe da ɓangaren kudu. A Oktoba 1953 Ingila da Amurka suka yi shelar za su miƙa wa Italiya nasu rabon. Tito ya ce in sojan Italiya ya shiga shi ma zai shiga, a Nuwamba kuma aka yi tarzoma a birnin har mutum shida suka mutu. Nan fa aka gane shela ba za ta yi ba. Aka koma Landan aka yi wata takwas ana shawara a asirce, jakada Llewellyn Thompson ke wakiltar Amurka. Aikin Luce a nan shi ne ta hana Eisenhower manta zancen, domin tana da hanyar isa gare shi wadda jakadan ma'aikata ba shi da ita, ta kuma riƙa lallashin gwamnatin Rum ta haƙura da abin da za a iya samu. Ranar 5 ga Oktoba 1954 aka sa hannu: birnin ya koma Italiya, kudu ya zauna wa Yugoslabiya. Abin mamaki, 'yar jaridar da ta saba faɗin duk abin da ta ji ita ce ta kame bakinta wata takwas, kuma wannan ne aikin da har masu sukarta suke yaba mata.

Ciwo ne ya raba ta da Rum a 1956. Da farko an yi zaton sammu ne na abokan gaba, ashe gubar asinik ce da ke cikin tsohon fentin rufin ɗakin kwananta, tana zubowa kamar ƙura.

Ƙarshen jakadancinta kuwa abin takaici ne. A 1959 Eisenhower ya zaɓe ta zuwa Birazil. Sanata Wayne Morse ya tsaya kai da fata yana suka, yana tuna mata yadda ta taɓa cewa Shugaba Roosevelt da ƙarya ya jefa Amurka cikin yaƙi. Duk da haka Majalisar Dattawa ta amince, 79 suka yarda, 11 suka ƙi. Ta ci nasara ke nan, ba abin da ya rage sai ta ɗaure kaya. Sai ta gaya wa 'yan jarida cewa wahalarta da Morse ta samo asali ne tun ranar da doki ya harbe shi a ka. Doki kuwa ya taɓa harbinsa da gaske. Magana zarar bunu. Sanatocin da suka jefa mata ƙuri'a suka tashi suna nadama, ga shi kuma Morse ne shugaban ƙaramin kwamitin da ke duba harkokin ƙasashen Amurka ta Kudu, wato kullum sai aikinta ya biyo ta gabansa. Bayan kwana uku ta ajiye muƙamin, ba ta ko taka Birazil ba.

A ganinmu masu cewa a ɗauko jakada daga waje suna da gaskiya a kan Trieste, domin kusanci da shugaba jari ne. Amma ko a can, ƙwararren ma'aikaci ne ya zauna kan tebur yana auna kan iyaka ƙauye bayan ƙauye. Masu cewa a bar wa ma'aikata kuwa, Milan da Birazil sun ishe su hujja. Ɗan jarida ana biyansa don ya faɗi maganar da za a tuna, jakada kuwa sau da yawa ana biyansa don ya haɗiye ta, kuma mutum mai shekara hamsin ba ya sake hali don an ba shi takardar naɗi.

Ba ta sake riƙe ofishin jakadanci ba, sai dai ta zauna a kwamitin da ke ba shugaban ƙasa shawara kan leƙen asiri zamanin Nixon da Ford da Reagan. Reagan ya ba ta babbar lambar girmamawa ta farar hula a 1983. Ta rasu a Washinton ranar 9 ga Oktoba 1987. Ita da ba ta yi jami'a ba, ta bar mafi yawan dukiyarta wasiyya don a riƙa biya wa mata karatun kimiyya da lissafi da injiniya.