Dajin Kamuku Bai Isa Ya Hau Fuskar Waya Ba Ne?

Koren tudun nan da ya yi shekaru a fuskar Windows XP wuri ne na gaske a Kalifoniya, Charles O'Rear ya ɗauki hotonsa a 1996. Hoto guda ya kai shi gidajen da ba su taɓa jin sunansa ba.

Su kuwa masu zanen kwamfuta na Kaduna da Kano, abin da suke rabawa don ƙawata fuskar waya bai wuce tsaunukan Turai da benayen Dubai ba. Wanda ya nemi Birnin Gwari a intanet, bindigogi da ƙonannun motoci zai tarar.

Alhali a nan Kamuku yake, dajin da aka keɓe tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. Tsagin ɓawon doka, jan marmara, santsin Goron Dutse, kumfar Dogon Ruwa: duk kayan aikin mai zane ne.

Wasu za su ce ado da dajin da aka zubar da jini a cikinsa rashin kunya ne. Rashin kunyar tana wajen mai sa manhaja ta ƙago masa daji ya laƙa masa sunan Kamuku. Hoton gaskiya shaida ne cewa ƙasar tana da masu ita. 'Yan bindiga sun ci dajin da makami. Bai kamata a sallama masu hotonsa kyauta ba.